Bayan da Ruwa Ya Janye

Karatu: Farawa sura 8 da sura 9. Ayar haddacewa: Farawa 8:1.

Shugaban aji ya sa mutum biyu ko uku su karanta bi da bi, a hankali, gama sura 8 cike ta ke da lissafin kwanaki da watanni, muna so kuwa kowa ya lura da su.

Tun muna yara muka san labarin Nuhu. Mun san yadda ya sassaƙa jirgi, yadda dabbobi suka shiga biyu biyu, da yadda aka yi kwana 40 ana sheƙa ruwa. Amma yawancinmu mu kan rufe littafin da zarar jirgin ya tsaya a bisa dutse, sai ka ce labari ya ƙare ke nan. Littafi Mai Tsarki kuwa ya ci gaba har sura biyu cur, domin ya nuna mana abin da ya sami mutum takwas ɗin nan bayan da ruwa ya ɗauke. Darasinmu na yau a kan waɗannan surori ne, da kuma a kan 'yan'uwanmu da maƙwabtanmu waɗanda suka fita daga ambaliya da ransu, amma har yanzu zuciyarsu tana cikin ruwan.

Irin waɗannan mutane suna da yawa a ƙasarmu. A shekarar 2012 kogin Binuwai da kogin Kwara suka cika suka batse, bayan damina mai ƙarfi da sakin ruwa daga madatsar Lagdo ta ƙasar Kamaru. Hukumar agajin gaggawa ta ƙasa ta ƙidaya mutum 363 da suka mutu, fiye da miliyan 2 kuma suka bar gidajensu. A 2022 ruwa ya sake zuwa ta hanyar nan, ya ci fiye da mutum 600. A daren 9 ga Satumba 2024, wayewar garin 10, madatsar Alau ta karye, ruwa ya shiga Maiduguri mutane suna barci, shekara 30 bayan wadda aka yi a 1994; da yawa cikin waɗanda suka gudu a daren nan, dā ma 'yan gudun hijira ne da yaƙi ya koro daga ƙauyukansu. Da asubar 29 ga Mayu 2025 kuma ruwa ya share unguwanni a Mokwa, cikin jihar Neja. Kafin mako ya zagayo an tabbatar da mutuwar fiye da mutum 150, waɗansu masu yawa kuwa ba a ga gawarsu ba.

Mun san yadda a kan yi a makonnin farko. A kan kawo shinkafa da tabarmi da barguna, manya su zo su yi jaje, ikilisiyoyi su tara baiko na musamman, zumuntar mata su ɗaura tukunya a harabar makaranta. Wannan duka daidai ne. Sa'an nan ruwa ya janye, a ce wa mutane su bar azuzuwa domin yara za su koma karatu, masu jaje kowa ya kama gabansa. A lokacin nan ne, sa'ad da ba mai zuwa kuma, mutumin da ya yi ta maza ya kan fara rasa barci.

Lissafin kwanaki

Bari mu bi lissafin da Littafi ya bayar. Ruwa ya fara a ran 17 ga wata na 2, cikin shekara ta 600 ta ran Nuhu. Kwana 40 kaɗai aka yi ana ruwan sama. Jirgi ya tsaya a bisa duwatsun Ararat ran 17 ga wata na 7, amma ba a ga kawunan duwatsu ba sai ran 1 ga wata na 10. Nuhu ya ƙara kwana 40 kafin ya buɗe taga. Ya saki hankaka, ya saki kurciya, ta komo don ba ta sami wurin sauka ba. Ya jira kwana 7, ya sake sakinta, ta komo da ɗanyen ganyen zaitun a bakinta. Ko da ya ga ganyen bai buɗe ƙofa ba, sai ya ƙara waɗansu kwana 7. Ran 1 ga wata na 1 na sabuwar shekara ya kware rufin jirgi, ya ga fuskar ƙasa ta bushe, duk da haka ya zauna a ciki kusan wata biyu, har ran 27 ga wata na 2, sa'ad da Allah da kansa ya ce masa ya fita. Watau saukar ruwa kwana 40 ne, zaman jirgi kuwa shekara guda da kwana 10.

A dukan wannan jira ba mu ji Allah ya tsauta wa Nuhu ba, ba mu kuwa ji ya kira shi matsoraci ba. Aya ta fari ta surar ta riga ta gaya mana Allah yana tune da shi tun ruwa bai fara raguwa ba. To, idan Ubangiji ya yi haƙuri da mutumin da ya ke taɓa ƙasa da ƙafar tsuntsu kafin ya sa tasa, don me mu ke gaggauta 'yan'uwanmu? Sau nawa muka ji an ce wa mai makoki, ai abin ya wuce, ka manta, ka gode Allah da ka tsira? Mai faɗin haka da nufin alheri ya ke faɗa, amma abin da mai makokin ya ke ji shi ne an gaji da shi.

Ya kamata mu san kamannin wannan ciwo, domin mu gane shi in mun gan shi. Mutum ya kwanta, da ya rufe ido sai ya ga ruwan yana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa. Ya kan farka cikin dare da gumi, zuciyarsa tana dukan uku-uku. Ƙarar babur ko faɗuwar kwano ta kan sa ya zabura. Wani ya kan ƙi bin hanyar tsohon gidansa, ko da zagaye zai ci masa sa'a guda. Wata ta kan zauna shiru, abinci ba ya yi mata daɗi, ba ta kuka, ba ta dariya, ta ce ji ta ke kamar an kwashe cikinta. Mai sanyin hali ya koma mai faɗa da matarsa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Da yawa ba za su ce zuciyarsu ce ke ciwo ba, sai su ce kai, ko ƙirji, ko zafi yana yawo a jiki, su yi ta sayen maganin zazzaɓi a kemis ba sauƙi. Yara kuma, wanda ya daina fitsarin kwance ya kan koma yi, wanda ya saba wasa a waje ya manne wa zanen uwarsa.

Likitoci sun san wannan hali sarai. Tun 1980 likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka sa shi cikin littafinsu na cututtuka, bayan abin da suka gani a wurin sojojin da suka komo daga yaƙin Biyetnam. Za mu iya kiransa ciwon bayan firgita. Bayaninsu mai sauƙin ganewa ne. Allah ya yi jikinmu da mai tsaro a ciki, wanda ya kan sa jini ya yi gudu, ƙafa ta yi sauri, idan hatsari ya zo. Shi ne ya fid da mutum daga ɗaki a daren ruwa. Amma bayan babbar firgita mai tsaron nan ya kan ƙi komawa wurin zamansa, yana ta busa ƙaho ba abokin gaba. Kakanninmu sun san haka da suka ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Abin ƙarfafawa shi ne, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kowa ya kan sha wannan damuwa bayan masifa, amma ga yawancin mutane ta kan ragu a hankali, musamman idan suna da abinci, da wurin kwana, da mutanensu a kusa. Ba hauka ba ne, ba kuwa alamar rashin bangaskiya ba ce.

Shirun Nuhu

Akwai wani abu da mai karatu da sauri ba zai lura da shi ba. Daga sura 6, inda aka fara labarin jirgi, har zuwa kusan ƙarshen sura 9, ba a rubuta ko kalma ɗaya daga bakin Nuhu ba. Allah yana magana, Nuhu yana aikatawa. Mutumin nan ya fito ya tarar da duniyar da ya sani ba ta nan, maƙwabta da dangi da abokan ƙuruciya duka sun tafi, Allah kuwa bai ce masa ya tsaya ya ba da labarin abin da ya gani ba.

Mu fa mu kan yi akasin haka. Muna son shaida. Mutum bai gama wanke laka daga ɗakinsa ba, sai mu tsai da shi a gaban jama'a ran Lahadi ya faɗi yadda Allah ya cece shi. Wanda ya ke so ya yi, a bar shi ya yi. Amma kada a tilasta wa kowa. Dā ma'aikatan agaji su kan tara waɗanda suka tsira nan da nan, su sa kowa ya zayyana abin da ya faru dalla-dalla, da tsammanin wai hakan zai hana ciwon kama su. Da aka bincika aka ga ba ya hanawa, har ya kan ƙara wa waɗansu. Saboda haka littafin taimakon farko da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2011 ya koyar da abu uku: a duba abin da mutum ya ke bukata, a saurare shi in yana so ya yi magana, a haɗa shi da danginsa da inda zai sami taimako. Mutanen tsibirin Malita ba su karanta wannan ba, ba su kuwa san Almasihu ba, amma sa'ad da mutum 276 suka fito daga jirgin da ya farfashe da Bulus, abin da suka fara yi shi ne hura musu wuta, gama ana ruwa, ga kuma sanyi. A duba Ayyukan Manzanni sura 28.

Sai dai mutanen nan na Malita sun nuna wani hali kuma, wanda mu ma muna da shi. Da maciji ya ɗafe a hannun Bulus, nan take suka yanke masa hukunci, suka ce lalle mai kisankai ne da alhaki ya ke bi. Mu ma mu kan ce ruwa ba ya tsami banza. In ruwa ya ci wata unguwa ya bar wata, sai a fara raɗa: ai can ne a ke sayar da giya, ai mutanen can ba su zuwa sujada, ai ba addininmu suke bi ba. Mai wa'azi ma ya kan ɗauki labarin Nuhu ya mai da shi bulala. Gaskiya ne ruwan tufana hukunci ne, Littafi ya faɗi haka a fili. Amma a sura 8 aya 21 Allah ya ƙudura ba zai ƙara hallaka masu rai duka haka ba, ko da ya ke ya san zuciyar mutum ba ta sake ba. Ubangiji Yesu kuma, a Luka sura 13, ya yi zancen mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa a kansu, ya ce ba su fi sauran mazauna Urushalima laifi ba, ya kuwa juya kiran tuba zuwa ga masu tambayar. Abokan Ayuba sun yi kyau kwana 7 da suka zauna a ƙasa tare da shi ba wanda ya ce uffan, bayan da iska ta rushe gida a kan 'ya'yansa 10. Da suka buɗe baki suna neman laifinsa, a nan ne suka ɓata, har Allah ya husata da su a sura 42. Mu da kanmu mun san dalilin da ya sa ruwa ya fi cin waɗansu unguwanni: a kwari su ke, a bakin rafi, inda fili ya ke da araha, inda magudana ta toshe ko madatsa ta tsufa ba a gyara ba. Talauci ne ya zaunar da su a can.

Wannan raɗa tana da mugun dafi domin wanda ya tsira ya riga ya fara tuhumar kansa tun kafin kowa ya yi. A kowace ambaliya a kan sami uwar da ruwa ya fizge ɗa daga hannunta, ko uban da ya ɗauki biyu ya ce zai komo domin na uku. Kowane dare su kan sake zaman shari'a a kan kansu: da na riƙe da ƙarfi, da na farka da wuri. In mun ce mata kada ki faɗi haka, mun rufe mata baki ne kawai. Gara mu bar ta ta faɗa har ƙarshe, ko sau goma ne, sa'an nan a hankali mu tuna mata cewa cikin duhu ne, ruwan kuma da ya ɗaga mota ya karya gada ba hannun mace ne zai tare shi ba.

Bagadi da bakan gizo

Abin da Nuhu ya fara ginawa bayan fitarsa bagadi ne. Mutum yana bukatar wuri da rana da zai tsaya ya sa abin da ya same shi a gaban Allah, godiya da hawaye tare. A nan ne ikilisiya ta ke da abin da ba ya cikin motar agaji. Mu yi tunani a kan iyalan da ba su ga gawar nasu ba, kamar yadda ya faru a Mokwa. Wanda ya binne mamacinsa ya san inda kabarin ya ke, an yi masa zaman makoki, ranar ta wuce. Wanda bai binne ba kullum kunnensa yana ƙofa. Ba ya iya rabon kayan mamacin, ba ya iya cewa matarsa ta rasu, ba ya kuwa iya cewa tana nan. Dattawan ikilisiya su je su zauna da irin wannan gida, su tambaye su ko suna so a yi sujadar tunawa, a kira sunan wanda ya ɓace, a miƙa shi ga Allah wanda ya san inda ya ke. Kada a sa musu rana. Su ne za su faɗi lokacin da suka shirya. Idan kuwa gidan maƙwabcinmu Musulmi ne, sai mu je ta'aziyya yadda a ke zuwa, mu zauna a tabarma, mu kai abin da mu ke da shi. Zumunta a ƙafa ta ke.

Sa'an nan mu dubi sura 9, aya 8 zuwa 17. Aji ya ƙidaya sau nawa kalmar alkawari ta fito a ayoyi goman nan; za ku same ta sau 7. Allah ba mai mantuwa ba ne, Nuhu kuwa ba kurma ba ne. Don me a ke ta maimaitawa? Uwa ta san amsa, gama yaron da ya firgita cikin dare ba a gaya masa sau ɗaya cewa ba kome. Mu lura kuma da inda aka sa alamar. Allah ya san gizagizai za su sake haɗuwa, ya kuma san abin da zuciyar mutum takwas ɗin nan za ta yi a ranar da hadari ya fara tasowa. Bai ce ba za a ƙara yin hadari ba, gama ba shuka ba girbi in ba ruwa. Sai ya ɗauki abin tsoron da kansa ya rataya bakansa a ciki. Wanda ya tsira daga ambaliya a ƙasarmu, kowace damina sai ya sake wannan jarrabawa. Abin da ya ke sa manomi murna, watau ƙamshin ƙasa da rugugin tsawa daga gabas, shi ne ya ke hana ɗan'uwan nan barci. A watan Agusta da Satumba, sa'ad da koguna su ke cika, a lokacin ne ya fi bukatar a leƙa shi, ko da shekara biyu ko uku sun wuce.

Amma mu yi gaskiya da alkawarin. Allah ya ce ruwa ba zai ƙara hallaka duniya duka ba. Bai ce Binuwai ba zai ƙara ƙetare gaɓarsa ba. Kada mu ce wa yaro ruwa ba zai sake zuwa ba har abada, gama ranar da ya zo, yaron zai daina gaskata mu, watakila ya daina gaskata Allahn da muka ambata. Abin da ya fi kwantar masa da rai shi ne ya san abin da za a yi: in ruwa ya kai ga itacen can, za mu tafi gidan kawu a tudu, ga jakar takardunmu a rataye, kai za ka riƙe hannun yayarka. Hukumomin kula da yanayi da na koguna su kan ba da gargaɗi kowace shekara, a kan karanta shi a rediyo. Sauraronsa da kaucewa da wuri ba ƙarancin bangaskiya ba ne, gama Nuhu ma gargaɗi ya ji ya yi shiri. A kuma mai da yara makaranta da sauri, a bar su su yi wasa. In an ga suna wasan ambaliya da ƙasa da gwangwani kada a hana su, ta nan su ke fid da abin da bakinsu bai iya faɗa ba.

Gonar inabi

Nuhu ya koma noma. Aikin hannu magani ne babba, gama wanda ya daɗe yana bin layin karɓar abinci ya kan fara ganin kansa ba a bakin kome ba. Iri, da fartanya, da 'yar akuya, da ranar gayya domin ta da katangar da ta faɗi, su kan mayar wa mutum da mutuncinsa fiye da buhu na biyar na shinkafa. A ba gwauruwar da ta rasa kome wani aiki a zumunta, ko da raba kujeru ne, domin ta san ana jiranta ran Alhamis.

Sai kuma ayar da masu koyar da yara su kan tsallake. Mutumin da Littafi ya kira adali, marar aibi a zamaninsa, ya sha ruwan inabi ya bugu, ya kwanta tsirara a cikin alfarwarsa. Littafi bai faɗi abin da ya ke cikin zuciyarsa a ranar nan ba, ba za mu kuwa sa masa magana a baki ba. Amma ya ajiye labarin a daidai wurin da masu aikin jinya su ke ganin irinsa, watau bayan hatsari ya wuce, an sake gini, kowa yana cewa wane ya warke. Mutum ya gane kwarya biyu ta burukutu ta kan kashe masa hoton nan na dare, gobe sai uku. Samari su kan nemi tiramadol da maganin tari mai kodin, wanda gwamnati ta hana tun 2018. Waɗansu kuma, har da mata masu tsoron Allah waɗanda ba su taɓa kusantar giya ba, su kan sayi ƙwayar barci irin su Valium ba da takardar likita ba. Tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a ba da irin wannan ƙwaya domin firgita ko rashin barci a watan farko bayan masifa, gama ba ta warkarwa, jiki kuwa ya kan saba da ita.

Ga 'ya'ya uku a ƙofar alfarwa. Ham ya gani, ya fita ya ba da labari. Shem da Yafet suka ɗauki mayafi a kafaɗunsu, suka shiga da baya da baya, suka rufe ubansu. Ba su yi kamar ba abin da ya faru ba, gama sun shiga, sun kuwa yi abin da ya ke bukata. Amma ba su mai da kunyarsa abin kallo ba. (Kalmomin fari da aka rubuta daga bakin Nuhu la'ana ce, ta kuwa faɗa a kan Kan'ana, jikansa. Masu cinikin bayi sun karkatar da ayar nan suka ce wai baƙar fata a ke nufi, abin da nassin bai faɗa ba ko kaɗan. Abin lura gare mu yau shi ne, ɗacin babba ya kan sauka a kan ƙarami a cikin gida.) Ikilisiya tana da horo, ba mu ce a yar da shi ba. Amma kafin majalisa ta sa ɗan'uwa a bencin baya saboda an gan shi a gidan giya, ya kamata dattijo ɗaya ya je wurinsa shi kaɗai da yamma, ya tambaye shi yaushe rabonsa da barci. Akwai kuma gulma da ta kan sa rigar roƙon addu'a. Wanda ya tashi a taron addu'a ya zayyana asirin gidan wani da sunan a yi masa addu'a, aikin Ham ya yi.

Akwai inda ƙarfinmu ya ƙare, sai mu sani. Idan wata guda ya wuce abin bai ragu ba, ko yana ƙaruwa, har mutum ya kasa aiki, ko mace ta kasa kula da jaririnta. Idan yana jin muryoyi, ko ya daina cin abinci. Musamman idan ya fara cewa gara ya bi waɗanda suka tafi, to, a kai shi asibiti. Wanda ya yi zancen kashe kansa kada a bar shi shi kaɗai, a kuma kawar da maganin ƙwari da na ciyawa daga ɗakinsa a ranar nan. Tambayarsa a fili ko yana tunanin haka ba ta sa masa tunanin. Sau da yawa ta kan sauke masa kaya. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya a Kaduna, da Maiduguri, da Kware kusa da Sakkwato, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos ma yana da sashen wannan aiki. Babban asibiti mafi kusa zai nuna hanya. Wani daga cikinmu ya raka shi, a biya kuɗin mota daga baitulmalin ikilisiya. Mu ci gaba da addu'a, amma kada a ɗaure shi, kada a sa shi azumin dole, kada a kwana ana yi masa ihu a ka da sunan fid da aljani. Sa'ad da Iliya ya roƙi mutuwa a ƙarƙashin itace, a 1 Sarakuna sura 19, mala'ika ya ba shi abinci da ruwa har sau biyu, ya bar shi ya yi barci, sai daga baya Allah ya yi masa tambaya.

Ga shugaban aji: watakila akwai wanda wannan darasi ya taɓa a cikin ajinka. Kada ka kira sunansa, kada kuwa ka sa ido a kansa. In wani ya fita waje, a bar shi, mutum ɗaya ya bi shi daga nesa. In wata ta yi kuka, kada a ta da waƙa domin a rufe muryarta. Ka tambayi aji, wane gida ne a garinmu aka yi wa jaje bara ko bariya, wanda ba a koma ba tun daga lokacin? Ku raba gidajen a tsakaninku, mutum biyu biyu, maza wurin maza, mata wurin mata, ku sa ranar zuwa kafin a tashi. Masu zuwa su riƙe ɗan abu a hannu, ko sabulu ko mudun gero, kada kuma su shirya wa'azi. Mako mai zuwa za mu karanta littafin Rut sura 1. Kowa ya karanta a gida, ya lura da sunan da Na'omi ta ce a kira ta da shi sa'ad da ta komo Baitalami.